Ɗakin da Ba a Cewa "Sai Na Tambayi Matata"

"Ammi, Abba ya ce shi ba shi da matsala, ke ce ba kya so."

"Ni? Ni a su wa a gidan nan? Je ki tambayi Abbanki."

"Daga wurinsa nake."

"To ki koma."

Haka Tarannum ta shekara tana safa da marwa tsakanin kicin da falo. Ni ƙanwar uwarta ce, Gulnaz, tana ce mini Khala. Tun rasuwar maigidana a gidansu nake zaune a garin Belgaum na ƙasar Indiya, don haka komai a kan idona aka yi shi.

Ba yarinya ba ce ƙarama. Likitar haƙori ce mai asibitin kanta, kuma ita kaɗai Allah ya ba iyayenta. Wanda take so shi ne Irshad Killedar, saurayi mai kunya da natsuwa, wanda ko ƙuda ya sauka a shayinsa sai ya ba ƙudan haƙuri. Aibinsa ɗaya ne, a ofishin harajin motoci yake aiki. Mijin yayata kuwa, Mehbub Soudagar, motocin safa gare shi, in aka ambaci haraji a gabansa har jijiyar wuyansa sai ta miƙe.

Amma bai taɓa buɗe baki ya ce a'a ba. Baijan, kamar yadda nake kiransa, ba ya cewa a'a. Mai neman aiki, mai neman taimako, mai tallan inshora, duk amsa ɗaya suke samu: "Wallahi ni da son raina ne, amma sai na tambayi matata." Ita kuma Apa Shamshad, yayata, ko mai tallan kifi ta ƙi saya sai ta ce, "Abban Tarannum ne bai yarda ba."

Da mazan gidan Killedar suka zo neman aure, aka sauke su a falo, Baijan ya ce uwarta ce. Da matan suka zo, aka shiga da su ciki, Apa ta ce ubanta ne. Ba wanda ya taɓa ritsa su biyun a ɗaki ɗaya ya yi musu tambayar.

Ana cikin haka wata safiya Baijan ya ajiye kofin shayi ya ce mu haɗa kaya, jihar Goa da ke maƙwabtaka da mu za mu koma da zama.

"Jihar nan ta tatse ni har ƙashi," in ji shi. "Can haraji da sauƙi, ga teku, ga iska. Mutum ya mutu ma a can ya fi riba."

A lissafinsa ke nan. Ba wanda ya duba masa lissafin, ba kuma wanda ya isa.

Kafin a sami gidan haya sai muka sauka a wani masaukin shaƙatawa a bakin teku, kwana uku kyauta. Wani Faizan Khatib ne ya shirya mana, ɗan jihar, wanda Baijan ya haɗu da shi a wurin wani biki ya dawo yana yabonsa kamar shi ya haife shi. Sana'ar Faizan sayar da mako ce. Ka biya kuɗi, ɗaki ya zama naka mako guda a kowace shekara, sauran makonnin na waɗansu ne da ba ka taɓa gani ba.

Sharaɗin kyautar guda ne. A rana ta ƙarshe miji da mata su zo tare su saurari bayani, kuma su zauna har a gama.

Baijan na da buri biyu a kan Faizan, kuma bai ɓoye ba. Yana son makon, don ya riƙa cewa abokansa "gidana na bakin teku". Yana kuma son Faizan ya zama surukinsa, don a yi wa motocinsa rajista da sunan ɗan jiha.

A safiyar ranar bayanin ina zaune a baranda ina shan ruwan kwakwa, Tarannum ta fito da waya a kunne, ido ya yi jawur. Ta ɗan ƙara sautin wayar, don ta san ko ba ta ƙara ba zan matso.

"Ki daina kukan nan, Tarannum, kina karya mini zuciya," in ji Irshad.

"Ba kuka nake ba, iskar teku ce."

"Iskar teku ba ta sa mutum jan majina."

Sai kuwa ta fashe da kukan gaba ɗaya.

"Ka faɗa mini abin da ka kira ka faɗa. Tun da ka yi sallama na ji muryarka ba daidai ba."



"Ammina ta gaji," ya ce. "Ta ce shekara guda tana zuwa gidanku ana yi mata wasa da hankali, yanzu kuma kun bar garin ko sallama babu. Yau bayan la'asar za ta je gidan yayanta ta karɓa mini 'yarsa."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce ba na so. Na ce ke nake so, ko zan tsufa ina jira. Sai ta kama hannuna ta ɗora a kanta, ta ce in sake faɗa in har ban damu da ranta ba. Tarannum, ita ta raine ni ita kaɗai. Bakina ya ƙi buɗuwa."

"Shi ke nan ka sayar da ni da ɗora hannu."

"Kada ki ce haka. Abu ɗaya na samu ta yarda da shi. Ta ce in Abbanki da Amminki suka tako da ƙafarsu, su biyu, kafin ta fita, to ta fasa. Ba waya ba, ba aike ba. Ta ma kashe wayarta ta sa a ƙarƙashin filo."

"Su biyu? Irshad, mutanen nan ko hoton aurensu kowa gefe yake kallo."

"Na sani."

"Ka ci abinci?"

"A'a. Ke fa?"

"Ni ma a'a."

Ƙarya take, da idona na ga ta cinye burodi biyu da miyar wake. Amma tausayinta ya kama ni sosai, don na san son da take masa ba na wasa ba ne, kuma daga inda muke zuwa Belgaum tafiya ce mai nisa, ga hawan duwatsu.

Ɗakin bayanin sanyi ƙalau, ba taga, ba agogo. An jera tebura, kowane tebur da miji da mata da mai talla guda yana ta washe musu baki. Duk sanda wasu suka sa hannu sai a kaɗa ƙararrawa, ma'aikata su yi tafi, sauran mazan su kalli matansu a tsorace.

Faizan ya tarbe mu, gashi ya sha mai, takalmi mai tsini, turare kamar an fasa kwalba. Ya ja wa Baijan kujera, ya ja wa Apa ta kusa da ita har kafaɗunsu na gugar juna. Ni da Tarannum aka sa mu a baya, aka ajiye mini farantin kashu.

"Chacha, rufe idonka," in ji Faizan. Chacha baffa ke nan a yarenmu, matarsa kuma Chachi. "Ka hango kanka a baranda, teku a gabanka, jikokinka suna wasa a yashi."

Da ya ce jikoki sai ya ɗan leƙo bayan Baijan ya yi wa Tarannum murmushi.

"Haƙoransa biyu na gaba na sawa ne," ta raɗa mini.

Baijan kuwa ya rufe ido da gaske, har yana gyaɗa kai.

"Tsaya, ɗana," in ji Apa. "Watau gadon da zan kwanta a kai, in na tashi wata ce za ta hau?"

"Bayan makonki ya ƙare, Chachi."

"Wata kuma ta hau bayanta?"

"Haka tsarin yake."

"To a garinmu wannan sunansa gadon asibiti."

Faizan ya yi dariya kamar an ba shi kyauta. Ya ce ai ana canza zanin gado. Ya nuna hotunan wurin wanka, ya nuna na wasu turawa suna dariya ba dalili. Sannan ya sunkuyo ya rage murya.

"A ƙa'ida makon da ya rage na tsakiyar damina ne, lokacin da ruwa ba ya barin mutum ya leƙa waje. Amma Chacha nawa ne. Na yi 'yan dabaru ta bayan fage, na ciro masa na sanyin ƙarshen shekara, wanda manya ke rububi. In Allah ya sa an dace, Dakta, makon nan ko na amarci zai yi."

Tarannum ta kalli silin.

Daga nan ya rubuta farashin a takarda ya juyo da ita. Ban ga adadin ba, fuskar Baijan na gani. Murmushin ya tsaya cak, gumi ya tsattsafo masa duk da sanyin ɗakin. Son abu daban, fitar da kuɗi daban. Bakinsa ya koma kan abin da ya saba.

"Wallahi ni da son raina ne, ɗana. Amma ka san sha'anin gida, sai na tambayi matata."

"Ga ta nan a gefenka, Chacha."

Baijan ya juya ya ga Apa kamar yau ya fara ganinta.

"Ni sai abin da Abban Tarannum ya ce," in ji Apa, ita ma bakinta ya riga ta.

"Shi ma ga shi nan, Chachi."

Faizan ya jingina da kujera yana jin daɗin kansa.

"Kada ku ji haushi, shi ya sa muke cewa a zo tare. Abin da aka fara koya mana ke nan a aikin nan. Miji shi kaɗai ya ce sai ya tambayi mata, mata ita kaɗai ta ce sai ta tambayi miji, a tafi ba a dawo ba. Amma in suna zaune kafaɗa da kafaɗa, ba inda amsar za ta gudu. Kuma tayin na yau ne kawai, in kun fita ƙofar nan ya wuce."

Na ji Tarannum ta daina numfashi a gefena.

Ta miƙe, ta ɗauki kujerarta, ta zagaya ta ajiye ta kusa da ta Faizan, tana fuskantar iyayenta. Faizan ya gyara kwalar rigarsa, ya zaci abin ya zo.

"Malam Faizan, ara mini teburinka kaɗan."

"Teburin da mai teburin duk naki ne, Dakta."

"Teburin ya isa."

Ta ɗora hannuwanta biyu a kai.

"Abba, ka ce Ammi ce ba ta son Irshad. Ga Ammi nan. Ammi, kin ce Abba ne. Ga Abba nan. Ni ma tayina na yau ne kawai, bayan la'asar mahaifiyarsa za ta karɓa masa wata. Wane ne a cikinku ya ƙi?"

"Beti, 'yata, nan wurin mutane ne," in ji Baijan. "Bari mu koma ɗaki."

"In mun koma ɗaki za ka shiga wanka, Ammi ta tayar da sallar nafila. Na san ku."

Ni dai na ci gaba da cin kashuna a hankali, don kada ƙarar tauna ta sa in rasa wata kalma.

"Ammi, kalle ni. Ke ce?"

Idon Apa ya ciko.

"Ni yaron nan bai taɓa yi mini komai ba. In ya gaishe ni har kunyarsa nake ji. Na ga Abbanki ba ya so ne, na rufa masa asiri." Ta juya. "Amma tsaya. Abban Tarannum, ce wa mutane kake yi ni ce?"

"Wai don kada a ji zafi."

"Shi ya sa matan unguwa suka daina ba ni hannu a walima? Shekara guda ina yawo da sunan muguwar uwa ban sani ba?"

A tebur na kusa aka kaɗa ƙararrawa, aka yi tafi. Baijan ya zabura kamar shi aka kama.

"Abba," in ji Tarannum, hawaye na zuba yanzu, "ban taɓa saɓa maka ba. Ka ce in yi likita, na yi. Ka ce in rufe asibitina in biyo ka bakin teku, na rufe. In ka ce a'a yau, wallahi ba zan gudu ba, ba zan ba ka kunya ba. Zan zauna a gidanka in tsufa tare da Khala."

"Ki bar ni a waje," na ce.

"Amma ka faɗa da bakinka, kana kallon idona. Ka kuma faɗa mini dalili. Kada ka ce aikinsa, don ka ci abinci da masu haraji ba sau ɗaya ba."

Baijan ya cire hularsa, ya share gumi, ya mayar. Ya nemi taga bai samu ba.

"Ni ne," ya ce.

Tun da aka kawo yayata gidansa ban taɓa jin ya ɗauki wata magana a kansa ba sai ran nan. Muryar ma kamar ba tasa ba.

"Kafin ya fara neman aurenki, ya taɓa tsare mini mota, takardunta sun ƙare. Sai na aika masa kwalin kunda." Alawar madarar garinmu ke nan, ba a zuwa gaisuwa ba ita. "Da ɗan abin da na sa a ƙarƙashin alawar. Washegari ya kawo mini abina har gida. Bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba. Ya cire takalmi, ya gaishe ni, ya ce, 'Chacha, ina jin direbanka ya yi mantuwa a wurinmu.' Da zagina ya yi da na fi jin daɗi."

Tarannum ta rufe baki da hannu.

"Ni na buɗe masa ƙofa ran nan. Na zaci alawa ya kawo mana, har na ce ya gode wa mahaifiyarsa."

"To ki gaya mini, beti. Yaya zan zauna in ci abinci da shi? Kowace Sallah, kowane biki, surukina yana kallona ya san abin da ke ƙarƙashin kwalina. Sa'an ɗan cikina, ya fi ni. Ko a hanya na hango shi sai in ji na ƙanƙance."

"Goa ɗin fa?" in ji Apa a hankali.

"Harajin ma gaskiya ne."

"Abban Tarannum."

"Har da shi," ya ce, kansa a ƙasa.

"Watau jiha guda muka bari saboda kwalin alawa. Na rabu da maƙwabtana, na sayar da kajina."

Na zaci za ta yi kuka, sai na ga ta ƙanƙance ido. Na san wannan kallon tun muna yara.

"Kwalin da ka fito da shi daga but ɗin mota ɗazu da safe, ka ce na limamin masallacin nan ne. Yana ina?"

Idon Baijan ne ya ci amanarsa, ya gangara ƙarƙashin tebur. Duk muka sunkuya. Ga kwalin nan kusa da takalmi mai tsini, takalmin yana ƙoƙarin tura shi baya.

"Wannan ai alheri ne, Chachi," in ji Faizan. "Tsakanin ɗa da uba."

"Na makon sanyi ne," in ji Baijan da ƙaramar murya.

Apa ta gyara mayafinta. Ba ta ɗaga murya ba.

"To ka ji. Wanda ya mayar maka ka ƙi shi, wanda ya karɓa shi za ka ba 'yarka. Ran da wani ya kawo masa kwalin da ya fi naka nauyi fa? Gara ka ji kunyar surukinka a kan ka ji tsoronsa. 'Ya ɗaya gare mu, ba mako-mako za mu ba da ita ba."

Baijan ya daɗe yana kallon 'yarsa. Hancinta ya yi ja, kwalli ya zubo har haɓa, ba kyan gani ko kaɗan. Ina jin a lokacin ne ya fara ganin abin da shekarar nan ta yi mata.

"La'asar kika ce?"

"Eh, Abba. Kuma sai kun je ku biyu, da ƙafarku."

Uban 'ya ya taka gidan saurayi ya ce ga ni, a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Har 'yan tasha sai sun ji labari. Ya san haka, ya miƙe.

Faizan ya riga shi bakin ƙofa.

"Chacha, ba a gama ba. Saura manaja ya shigo da nasa bayanin, bayansa akwai zagayen ɗakuna. In kun fita yanzu kyautar ta tashi. Kwanan, abincin, duk abin da aka sha, sai an biya a farashin baƙi."

Nan fa Baijan ya tsaya, ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya. Mutumin da ya kwashe iyalinsa ya tsallaka jiha don kada a cire masa haraji, yau ga ƙofa ga kuɗi. Ya juyo ya kalle ni.

"Gulnaz, kwakwa nawa kika sha?"

"Ce mini aka yi kyauta ne, Baijan. Ban ƙirga ba."

"Har da tausar ƙafa ta yi," in ji Apa.

Ya rufe ido, wannan karon ba teku yake hangowa ba. Ya zaro katinsa ya miƙa, yana yamutsa fuska kamar Tarannum na cire masa haƙori ba allura. Ya sunkuya zai ɗauki kwalin, Apa ta riƙe masa riga.

"Bar masa. Ya yi mana aiki."

Ko kayanmu ba mu ninke ba, haka muka cusa su a but. Baijan ya karɓi tuƙin da kansa, Apa a gefensa, ni da Tarannum a baya tana ta kiran Irshad, layin duwatsu yana ɗaukewa. Mun fara hawa ke nan muka cim ma jerin manyan motocin dakon kaya suna tafiya kamar masu rakiyar gawa, hanya ƙunci, rana kuma ta fara karkata. Baijan ya danna ham, ya leƙa, ya koma, ya sake leƙawa.

Can ya yi gyaran murya.

"Ammin Tarannum."

"Na'am."

"Ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Me ake kai wa mutumin da ba ya karɓar komai?"

Apa ta waiwayo ta kalli 'yarta, ta sa gefen mayafinta ta goge mata kwallin da ya zubo.

"Kai dai ka wuce motar nan," ta ce. "Abin da zai karɓa yana zaune a bayanka."